Takalmin Gudun Husaina

Da karan dawa Ɗanƙarami ya auna ƙafar 'yarsa Husaina. Ya sa ta tsaya a kan tabarma, ya durƙusa, ya shimfiɗa karan daga dunduniya zuwa kan babban yatsa, ya yanke shi da wuƙa daidai inda farce ya tsaya. Haka yake auna ta tun tana 'yar shekara uku, ita da Hasanarta, duk lokacin da Salla ta matso. Yanzu Hasana tana ɗakin mijinta a Gaffati da 'ya'ya biyu, saura Husaina a gida. Ta ce masa ai ta san lambarta, talatin da tara ce, ba sai an wahalar da kara ba. Ya ce lamba ta mai shago ce, yau ta yi faɗi gobe ta matse, karan nan kuwa a gonarsa ya tsiro. Ya naɗe shi a tsumma ya sa a aljihu.

Shekarunta ashirin da huɗu a takardar haihuwa, kuma takardar nan ita ta hana Ɗanƙarami sakat. An yi shela a rediyo za a ɗauki 'yan mata aikin ɗamara, za a yi konkur ɗin, wato jarrabawar ɗauka, a Damagaram, wadda ta haura ashirin da huɗu kada ma ta kai dosiye, takardun neman shiga. Matakin farko gudu ne. Akwai mai riƙe da tikiti a inda gudun zai ƙare, duk wadda ta iso a miƙa mata ɗaya, in tikitin ya ƙare magana ta ƙare, sauran su nemi motar garinsu. Bara Husaina ta kai takardunta, zazzaɓi ya kwantar da ita ana saura kwana biyu. Bana ce ta ƙarshe gare ta.

A Zermu babu wanda bai san gudun Husaina ba. Kullum in an sallame asuba sai ta zura takalmin roba irin na makiyaya, ta bi ta bayan rumbuna, ta zagaye gonaki ta dawo kafin hantsi. An yi magana har an gaji, wai budurwa tana tsere da awaki, Ɗanƙarami ya shanye maganar. Mushe Khalid, malamin makarantar da ya koya mata wasanni a lakwal ɗin Mirya, shi ya zo har gida ya ce yarinyar nan in ta yi irin gudun da ta saba, cikin ashirin na farko za ta shigo. Abu ɗaya ya ce a nema mata, baskit, takalmin gudu, domin a kan gudron, wato kwalta, za a yi, gudron kuwa ba rairayi ba ne, yana cin ƙafa yana cin gwiwa. A satin nan Ɗanƙarami ya kai jar akuyarsa kasuwa.

Shi mutum ne mai fargaba. In ya rufe rumbu sai ya yi taku goma ya koma ya taɓa ƙyauren. In Fati, matarsa, ta ɗora tukunyar suyar ƙuliƙuli, sai ya leƙo sau uku ya ce a ja zane daga bakin wuta. Saboda haka bai yarda ya aiki kowa ba, da kansa ya hau mota zuwa Damagaram, ya shiga Kasuwar Dole hannunsa a kan aljihu.

An nuna masa rumfar wani Alkasum, Babarbare ɗan unguwar Birni, wanda takalmin gwanjo kaɗai yake sayarwa. Da Ɗanƙarami ya kwance tsumma ya fito da kara, Alkasum ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya yi masa sannu da Barbarci, ya ce wushe da mutanen Zermu, rabonsa da ganin an zo sayen takalmi da kara tun kakarsa tana da haƙora. Ɗanƙarami ya ce su ma a ƙauye rabonsu da ganin Babarbare ya faɗi kuɗin gaskiya ya kai haka. Suka yi dariya tare. Alkasum ya tambayi ko na yawon Salla ne, da ya ji na konkur ne sai ya daina wasa, ya ture tulin da ke gabansa, ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur.

Baƙi ne takalmin, da kore siriri a gefe. Samansa raga ce mai laushi, kewayen kuma wata aba mai sheƙi kamar fata, tafinsa fari mai kauri, in ka danna da yatsa ya lotsa ya dawo. Wanda ya fara sa shi a can ƙasarsu ko ƙwayoyin tafin bai cinye ba. Alkasum ya zura karan ciki, ya sa babban yatsansa a gaba ya nuna wa Ɗanƙarami ragowar wurin. Ɗanƙarami ya ce ya yi yawa ke nan. Alkasum ya ce a'a, ƙafar mai gudu kumbura take yi, in ba a bar mata faɗin yatsa ba farce zai mutu kafin a kai rabi. Da yana sa shi a leda ya ƙara da cewa, «Malam, ta riƙa sa shi kullum tun daga gobe. Ƙafa da takalmi sai sun saba da juna.»

Ɗanƙarami ya ce to. A ransa kuwa ya ce ɗan kasuwa ke nan, a sa kullum ya cinye a dawo a sayi wani.

Da la'asar Husaina ta gwada shi a tsakar gida. Ta wanke ƙafa, ta sa safa, ta zura, ta ɗaure, ta miƙe. Fati ta tambaye ta ko ya matse, ta ce ko kaɗan, ya kama dunduniya kamar an riƙe ta da hannu, yatsu kuma suna motsi yadda suke so. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ce wallahi Inna bai kai ludayi nauyi ba. Ta yi tsalle sau biyu, babu ƙara. Ɗanƙarami ya daɗe bai ga haƙoranta duka a waje kamar ranar ba. Sai ta juya za ta nufi ƙofa, ya ce ta tsaya, kada ta sauka daga kan tabarma.

A gidansu Ɗanƙarami ba a taɓa sa sabon abu kafin ranarsa ba. Rigar Salla sai an fita Idi, zanen suna sai ranar suna, ko sabuwar fartanya ba a kai ta gona sai ruwan shuka ya sauka. Ya ce mata takalmin nan na rana ɗaya ne, a ranar ake son duk ƙarfinsa, ba za a rabar da shi a ƙaya da tsakuwar Zermu ba. Husaina ta ce Mushe ya ce a saba da shi. Ya ce Mushe albashi yake ci, in nasa ya mutu ya sayi wani, su kuwa akuya ɗaya ce kuma ta tafi. Ta cire ta miƙa masa da hannu biyu. Ya goge tafin da gefen rigarsa ko da yake bai taka ƙasa ba, ya kai ɗakinsa, ya sa a akwatin ƙarfe, ya danna kwaɗo.

Da an yi konkur ɗin a watan da aka faɗa, da sati uku kawai takalmin zai yi a akwati. Sai aka ɗaga. Aka sake ɗagawa. Bazara ta shigo da ƙarfinta, ɗakin Ɗanƙarami kuwa rufin kwano ne, da azahar in ka ɗora hannu a murfin akwatin sai ka janye. Ran nan ya buɗe ya taɓa takalmin ya ji shi da zafi, kewayen nan mai sheƙi ya yi masa kamar ya ɗan bushe.

Abin da mutane da yawa a Zermu suka manta shi ne Ɗanƙarami ɗan dukawa ne. Mahaifinsa baduku ne, shi ma ya zauna a gaban kirgi da basilla har ya fara gemu, kafin takalmin roba ya cika kasuwa sana'ar ta daina ciyar da gida, ya koma gona. A cikin akwatin nan akwai takalmin fata na mahaifinsa, ya fi shekara talatin, har yau in ka lanƙwasa shi ba ya tsagewa. Sirrin kuwa ba wani abu ba ne, mai ne. Takalmin da aka ajiye ana ba shi mai ya sha, musamman a bakin da sama ya haɗu da tafi, domin daga nan tsagewa take farawa. Wannan ba a littafi ya karanta ba, da hannunsa ya sani.

Fati sana'arta ke nan, matsar man gyaɗa da suyar ƙuli. Ya je ya ce ta ɗan tsiyaya masa na farkon matsa, wanda bai ga wuta ba. Ta tambaye shi na mene ne, ya ce kaushi ke damunsa. Ranar Juma'a da hantsi, Husaina ta tafi rijiya, ya zauna a bakin gado ya tsoma gashin kaza a man, ya bi bakin tafin da shi a hankali, daga dunduniya ya zagayo har yatsu, yana ɗan buɗa wurin da farce don man ya shiga ciki sosai. Takalmin ya sha, ya yi sheƙi, ya yi laushi a hannu. Ɗanƙarami ya ji hankalinsa ya kwanta. Daga ranar kowace Juma'a sai ya yi haka kafin ya tafi masallaci, na mahaifinsa ɗaya, na 'yarsa ɗaya, ya jera su ya rufe. Bai gaya wa kowa ba. Ba ɓoyo yake yi ba, yana dai so ranar ta ji laushin ta tambaya, shi kuma ya yi murmushi. Gidan da ko bango warin gyaɗa yake yi, babu wanda ya ji wani abu dabam.

Sau biyu Husaina ta sake roƙonsa. Na farko ta ce ko zagaye ɗaya ne a filin lakwal, inda babu ƙaya. Na biyu ta kawo masa wayarta ya ji saƙon Mushe Khalid da kunnensa, yana cewa don Allah Baba a ba ta takalmin. Ɗanƙarami ya saurara har ƙarshe ya ce a gaishe da Mushe. Fati ta ce Baban biyu, wannan takalmi ko amarya a lalle ba a tsare ta haka, ko sai an biya kuɗin buɗar kai za a gan shi. Ya ce ta yi ta dariya, ranar da 'yarta ta dawo da kaki ita za ta fara guɗa. Husaina ba ta ƙara tambaya ba. Ta ci gaba da fita da robarta kullum asuba, shi kuma yana kwance yana jin ƙarar takun, faf faf faf, har ya ɓace bayan rumbuna.

Wata uku da kwanaki takalmin ya yi a akwati kafin a tsayar da rana. Suka hau motar farko, shi da ita, ledar takalmin a kan cinyarsa, jakarta a kan tata. Kafin rana ta ɗaga sun iso bakin sitad, babban filin wasa. 'Yan mata sun cika wurin, daga Magarya, daga Matamai, daga Gure, iyaye kuma an ce su tsaya daga waje. A nan bakin ƙofa, a kan wani dutse, Husaina ta zauna ta cire robarta ta sa a jaka. Ɗanƙarami ya kwance ledar ya miƙa mata. Ta riƙe takalmin, ta dube shi, ta dubi yatsunta, ta ɗan daɗe. Ya ɗauka daɗi ne ya hana ta magana. Da ta zura, sai ya durƙusa a gabanta cikin mutane, da furfurarsa, ya karɓi igiyar ya ce kawo, ɗaurin yara yana kwancewa. Ya yi mata ƙulli irin na dukawa, wanda ake yi wa layar wuyan doki, ya ja da ƙarfi, ya soke bakin igiyar a ciki. Wani dattijo da ya kawo jikarsa daga Garagumsa ya ce kai, wannan takalmi ya yi kyau. Ɗanƙarami ya ce wata uku yana kiwonsa.

Sai da rana ta yi zafi aka busa usur. Za su fita daga sitad, su bi gudron su zagaya ta bayan duwatsu, su dawo ta ƙofar da suka fita. Da suka wuce ta gabansa ya hango ta, tana cikin goman farko, kanta a miƙe, hannuwanta a sake kamar yadda take bin gonaki. Ya ce wa dattijon Garagumsa waccan ce, mai baƙin takalmi. Sannan ya tsaya yana jan carbi yana kuskuren lissafi.

Ta farko ta shigo, doguwa, aka miƙa mata tikiti. Ta biyu, ta biyar, ta goma. Ɗanƙarami ya ce a ransa ai ba lalle sai goma ba. Ta ashirin ta wuce. Ya bar inuwa ya fito tsakiyar rana yana leƙen hanya. Jikar dattijon ta shigo tana haki, aka ba ta nata, dattijon ya tafi tarbarta bai ko waiwayo ba. Daga inda yake yana ganin hannun mai rabon tikitin, yana ganin abin da ke hannun yana ƙanƙancewa. Can ya hango Husaina. Takalmi ɗaya a hannunta, ɗaya ƙafar kuma saman takalmin ne kaɗai a ɗaure a idon sawu, babu tafi, yana jujjuyawa kamar munduwa. Safar ta yage, tana taka gudron da tsirarar ƙafa, kuma a haka take wuce mutane. Ta wuce biyu a gabansa, ta wuce ta uku a bakin ƙofa. Mai tikitin ya miƙa na ƙarshe ga wata mai jar riga, ya kakkaɓe hannuwansa ya ɗaga su sama. Tsakanin mai jar rigar da Husaina mutum uku ne.

Ba ta yi kuka ba. Aka zaunar da ita a rumfar masu magani, wata ma'aikaciya ta sa almakashi ta yanke ƙullin da ya ƙi kwantuwa, ta wanke tafin ƙafar da ya saluɓe ta naɗe. Husaina ta ba da labarin a taƙaice. Tun kafin a kai duwatsu takalmin ƙafar dama ya buɗe baki, yana kaɗawa yana harɗe ta, ta faɗi sau ɗaya. Ta tsaya za ta cire, ƙullin ya ƙi, ta sa haƙori, mutane suna ta wucewa. Da ƙyar ta fizge na hagu, wanda shi ma ya fara buɗewa, na dama kuwa tafin ya fita gaba ɗaya ta bar shi a hanya. Wani mai kabu-kabu ne ya tsinto ya kawo.

Ɗanƙarami ya tattara guntayen a leda, ya ce ta jira shi a nan. Da ƙafa ya je Kasuwar Dole, bai san ya iso ba. Ya zube su a kan teburin Alkasum, ya ce masa abin da bai taɓa ce wa wani mahaluki ba, ya ce Allah ya isa tsakaninsu, ya sayar masa da ruɓaɓɓen takalmi ya kashe wa yarinya rayuwa. Maƙwabtan rumfa suka taso. Alkasum ya ɗauki tafin ya juya, ya shafa yatsa a inda ya rabu, ya murza, ya kai hanci. Ya ɗauki na hagun ya ja kaɗan, ya rabu ba gardama, wani abu mai yauƙi yana bin sa kamar miyar kuɓewa.

«Malam, wa ya sa wa takalmin nan mai?»

Ɗanƙarami ya ce shi ne, kowace Juma'a, man farkon matsa, don kada ya bushe.

Alkasum ya ajiye tafin a hankali. Ya ce wa maƙwabtan su koma rumfunansu, ba faɗa ba ne. Sannan ya jawo benci ya ce Malam zauna. Ya nuna masa cewa babu ɗinki ko ɗaya a takalmin, zaren da ake gani a gefe ado ne, duk abin da ya riƙe sama da tafi kwal ne, danƙon da ake liƙawa da shi. Abin da ya ɗauka fata ce, roba ce, ba ta shan mai, sai dai ta tura shi cikin kwal ɗin. Mai da zafi kuwa su ne masu narkar da kwal. Ya tambaya a ina aka ajiye, da ya ji akwatin ƙarfe a ɗakin kwano sai ya kau da kai. Ya ce da ta sa shi ko na sati ɗaya ne bayan man farko, da ya buɗe a Zermu, da an kai wa mai gyara ya bi shi da zare, shi ke nan. Ɗanƙarami ya ce shi ma ya iya wannan ɗinkin. Alkasum ya ce to. Ya sa aka kawo masa ruwa, bai sha ba.

Suka hau mota suka koma Zermu. A gida ya ce wa Fati takalmin ne ya cire, Fati ta yi ta tsine wa 'yan gwanjo da iyayensu har magariba, shi yana zaune yana ji. Mushe Khalid ya zo gaisuwa ya ce gwanjo sa'a ne, wani ya yi shekara wani ya mutu a rana ɗaya. Kowa ya yarda da haka. Da Ɗanƙarami ya yi shiru, da maganar ta tafi a haka har abada. Kwana huɗu yana ɗaukar abinci yana ajiyewa.

A rana ta biyar da hantsi, Fati ta tafi kai niƙa, ya sami Husaina a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa, ƙafafunta a miƙe cikin tsumma. Ya tsuguna nesa kaɗan. Ya fara da zancen zafi, ya koma zancen akuya, sannan ya ce, «Husaina, ba Babarbaren nan ba ne. Ni na sa wa takalmin mai.»

Ba ta daina ɓara ba.

«Na sani, Baba.»

Ya tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ce babu. Tun da ya miƙa mata a bakin sitad ta ga yatsunta suna sheƙi, ta ji warin man Inna, ta danna gefen tafin da babban yatsa ta ji ya motsa. Ya ce to me ya hana ta faɗa.

«Robata tana cikin jaka. Na yi niyyar in sauya. Sai ka durƙusa a gaban mutane kana ɗaura mini.»

Ya ce da ta shiga ciki ai sai ta sauya, shi ba zai gani ba. Ta ce yana gani, yana jikin wayar shinge yana nuna ta da hannu. Ta ce ta ɗauka zai kai ta, gudun ba shi da tsawo. Ta watsa ɓawon a ƙasa ta jawo wani kwano. Ya jira ta ƙara wani abu, ko zagi ne, ko kuka. Ta ce masa rana ta iso inda yake, ya matsa inuwa.

Da yamma ya buɗe akwatin ya fito da basillar mahaifinsa. Ya wanke takalmin da toka da sabulu sau uku, ya kankare mataccen kwal ɗin da wuƙa, ya shanya a inuwa. Ya murza zare ya shafe shi da kakin zuma. Kwana biyu yana ɗinki, huda kusa da huda, layi biyu, ya ɓoye zaren a cikin tsagi yadda ƙasa ba za ta ci shi ba, ya bar cikin sumul babu ƙulli ko ɗaya da zai taɓa ƙafa. Tun da ya bar dukanci bai yi aiki mai kyau kamarsa ba. Ya sayo sabuwar igiya, ya kai ya ajiye a ƙofar ɗakinta.

Da ƙafar ta warke ta sa. Da shi take kai man Fati da ƙuli kasuwar Mirya ran Lahadi, da shi take zuwa rijiya, da shi take zuwa gona. Damina uku ke nan. Koren gefen ya koɗe, ragar ta huje a kan ƙaramin yatsa, ƙwayoyin tafin sun shafe, amma bakin nan bai sake buɗewa ko faɗin tsinke ba. Matan kasuwa suna tambayarta wa ya yi mata ɗinkin, ta ce babanta. Wasu sun aiko da nasu, ya mayar ya ce idonsa ba ya gani.

Shekarar da ta biyo bayan konkur ɗin an sake yin shela a rediyo, Fati ta miƙa hannu ta murɗe tashar. Husaina ba ta ƙara bi ta bayan rumbuna ba. Robar tana rataye a kan danga har rana ta farfasa ta. Ɗanƙarami har yanzu in ya dawo daga sallar asuba yakan kwanta ya kasa kunne, ya manta ta daina gudu. Takalmin ba ya ƙara, kuma tafiya take yi a hankali da tulu a kai, sai ya leƙa ya ga ƙyaure a buɗe sannan ya san ta fita.